Littattafan Rukayya da Ragon Kaka Falmata

Wallahi na gaji da tambayar nan. Shekara da shekaru ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, kusan kullum sai wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa: “Malama, wane littafi zan saya wa yaron nan ya so karatu?” In faɗa, a saya, a ɗora a kan firji, shi ke nan.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Alhaja Sikira, Bayarabiya haifaffiyar Fagge, mai sayar da taliya a kasuwar Singa. Jikarta Rukayya marainiya ce, tana aji huɗu. Ga ƙwaƙwalwa, amma da ta ga rubutu sai ta ɗauke kai. An ce za ta maimaita aji, ita kuwa ta rantse in ƙawayenta suka wuce ta, ita da makaranta har abada. Na ce a samo mata littattafai marasa kauri, masu manyan baƙaƙe da hotuna, na Hausa tukuna, labarin dabbobi da yara sa'anninta. Alhaja ta je Bata, wurin masu sayar da littattafai, ta ciko leda. Ba a jima ba ta dawo min a gajiye: “Malama, ko buɗewa ba ta yi ba.”

Ranar nan na tuna Kaka Falmata, mahaifiyar babanmu, ’yar Barno da ta tsufa a Fagge tana haɗa turaren wuta. Bayan magariba takan hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Hannu na juya itace da sukari, baki na ba mu tatsuniya. Ƙamshin kan bi kayanmu har aji, yara su yi ta ce mana amare.

Akwai wadda ta cika maimaitawa har muka ƙosa da ita. Wai wani attajiri ya sayi ragon layya da wuri, ya ɗaure shi shi kaɗai a bayan gida. Ya kawo harawa, ya kawo dusa, har da wake, rago ya ƙi ci, sai kuka yana ramewa. Aka kira masu magani, aka yi jiƙo, a banza. Rannan wata tsohuwar akuyar maƙwabta ta shigo ta ɓarakar katanga, ta kwanta kusa da shi. Kafin la'asar rago ya cinye harawar tas.

Nakan tambaye ta, “Kaka, akuyar ita ma ta ci?”

“Da wane haƙori, uwar surutu? Kwanciya kawai ta yi. Miƙo min mafici.”

A lokacin haushi nake ji, tatsuniya ba dodo, ba aljani, sai rago da akuya.

Na ce wa Alhaja ta ɗauki guda ɗaya kawai, ta zauna su karanta tare. Ta sunkuyar da kai. “’Yata, ni ban yi boko ba. Kuma in na dawo daga kasuwa ƙafafuna ba nawa ba ne.”

“Mama, ba sai kin karanta ba. Ki zauna kawai, ita ta karanta miki.”

Ta dube ni kamar na raina mata hankali, ta yi sallama ta tafi. Ni ma ban sa rai ba.

Ana gab da jarrabawa muka haɗu a Titin Ibrahim Taiwo, tana jiran a-daidaita-sahu, idanunta jawur. Ta ce, “Malama, kin ja min. Yarinyar nan ta hana ni sakat. Da na fara gyangyaɗi sai ta girgiza ni, wai Iya ba ki ji abin da kunkuru ya yi ba, sai mu koma farkon shafi.” Tana mita tana murmushi. Rukayya ta haye da kyar, amma ta haye.

Na yi murna, sai dai murnar ba ta kai ni gida ba. Kaka ma ko sunanta ba ta iya rubutawa, kuma a bakin kaskonta na fara son labari. Yanzu in na shiga aji na dubi fuskokin nan, na san littafin da ya dace da kowannensu. Wanda zai zauna kusa da su in sun koma gida ne ban sani ba.