Ilu Mai Waya da Akwatin da Ya Kwance

Duk wanda ya san Ilu Mai Waya a Gidan Rumji ya san ba ya ƙare magana sai ya ce, "Na gama, a gare ka." Kafin ka buɗe baki kuma ya ci gaba da tasa. Taubashina ne, shekara hamsin ina jiran wannan "a gare ka" ta zama gaskiya, ban samu ba.

Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma ba nan ransa yake ba. Akwai mutanen da ke da na'urar da suke magana da juna ta iska daga ƙasa zuwa ƙasa. Ilu ya yi shekaru yana sauraronsu da tsohuwar rediyonsa, ba shi da abin mayar da magana. Burinsa ɗaya a duniya: ya yi kira, wani daga nesa ya amsa masa, ko sau ɗaya.

Wayar da ya ɗaure daga itacen bedi na ƙofar gida zuwa saman rumbu don kamo muryoyin nesa, ita ce ta ba shi suna. Wata rana matarsa Rabi ta shanya wanki a kai. Ya fito yana salati.

"Ke Rabi! Kin shanya zanenki bisa Turai gaba ɗai!"

"To Turai ta yi haƙuri," in ji ta, "har shi bushe."

Rowa kuwa, kai! Duwatsun rediyo, wato batir, in sun mutu, sai ya jera su a rana kamar kuɓewa. Na ce, "Ilu, sun mutu fa." Ya ce, "Suma sunka yi."

Shekarar da aka yi taron masu irin wannan na'ura a Yamai, ya sayar da bijiminsa, ya ja ni muka tafi, wai in riƙa masa jaka. A can ya yi jarrabawa ya samu takardar izini, ya kuma sayi wata tsohuwar na'ura mai nauyin dutsen niƙa. Yana rungume da ita kamar jariri muka nufi ƙofa, sai ga wani saurayi a bakin tebur da littafin rasit.

"Baba, akwai haraji kan kayan da aka saya."

"Haraji? Yaro, akwatin ga ya girme ka! An biya harajinshi tun uwarka na makarantar lakol."

"Doka ce, Baba. Duk na'ura mai aiki sai an biya. Tarkace ne kawai ba a biya."

Ai kuwa Ilu ya shimfiɗa rawaninsa a ƙasa, ya zaro sukundireba daga aljihu. Tun hantsi har la'asar yana kwance na'urar nan gunduwa-gunduwa, jama'a sun yi da'ira suna kallo. Da ya gama ya nuna tulin.

"Mi kag gani nan?"

"Tarkace, Baba." Yaron har hawaye yake don dariya. "Amma da ka tambaya, harajin jikka biyu ne kawai."

"Ko dala ce," in ji Ilu, "na ci riba."

Motarmu ta tafi ta bar mu, muka sake biyan kuɗin wata. Ni kuma na biya.

Wata uku ya yi yana harhaɗa ta. Da ya gama, wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake ya rage a kan tabarma. Na nuna masa. Ya ce, "Ado ne, Nasara na son ado."

Daga nan kullum bayan la'asar sai ya zauna ya yi kira. Ya faɗi lambar da aka ba shi a takardar izini, ya gai da duniya, ya ba ta labarin damina da farashin gero da ciwon gwiwarsa, ya ce, "A gare ku." A nan kaɗai na taɓa ganin Ilu ya yi shiru yana jira. Ba abin da ke fitowa sai shuuu. Ya kashe, ya ce mutanen zamani ba su da ladabi. Ina yi masa dariya, amma wallahi abin yana ci mini rai. Shekara biyu ana haka har Allah ya karɓi abinsa.

Ranar addu'ar uku wata mota ta tsaya, dattawa uku suka fito. Ɗaya daga Damagaram, ɗaya daga Agadas, ɗaya daga Katsina. Ba wanda ya san su. Suka yi gaisuwa, na Agadas ya ce, "Mun ji shiru kwana biyu, muka bincika. Kullum muna jinsa tar. Kullum muna amsawa, mu da wasu har ƙetaren teku. Bai taɓa jin mu ba." Ya dube ni ya ce, "Gwiwar tasa ta warke kuwa?"

Sai na tuna ɗan ƙarfen nan na ado, ashe shi ne kunnen na'urar. Na yi dariya har na kasa tsayawa, daga nan kuma kuka ya ƙwace mini.

Ilu, an amsa maka, ɗan'uwana, kai ne ba ka ji ba. Allah Mai jin kowane kira ya ji naka, ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka. Amin.