Ranar da na kaɗe wa tsohon Bamisire rawani

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, mahaifina ya tura ni Masar karatun Larabci. Ɗan Ƙofar Rini ne ni, ban taɓa wuce Kaduna ba, sai ga ni a Alƙahira ina karya kumallo da wake da gurasa kullum. Wata uku na yi ina mafarkin tuwon shinkafa da miyar sure.

Abokina na aji, mutumin kudancin Masar, shi ya gaji da ganina a ɗaki ya ja ni wani fili ranar Juma'a bayan la'asar. Can na tarar da maza cikin manyan riguna, ana busa wani abu kamar algaita, mutum biyu a tsakiya suna jujjuya dogayen sanduna. Tahtib suke kiran rawar. Kamar faɗa take, amma ba a dukan kowa. Kana ganin kafa sai ka kai sanda kusa da kan abokin karawarka, ka tsayar, jama'a su shaida ka ci.

Mai koyarwar wani tsoho ne siriri mai farin rawani. Ya karɓe ni, na fara zuwa duk mako. Matsalar ita ce ni na riga na san sanda. Duk hutu a rugar kawunnena nake yi, kuma can in ka ɗaga sanda, to sauke ta za ka yi a jikin wani. Abokina ya gaya mini dokar ya fi sau goma, ina cewa na ji.

Bayan wata biyu tsohon ya kira ni tsakiyar fili mu kara. Muka zagaya, sanduna suka haɗu, kai ya fara yi mini daɗi. Sai ya sauke hannu da gangan ya bar kansa a buɗe, don ya ga ko na koyi tsayawa. Ni ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Ƙwal! Rawani ya faɗi ƙasa, busa ta tsaya. Tsohon ya dafe kai, ya sunkuya ya ɗauki rawaninsa. Na ajiye sandar na sulale.

Kwana tara ban leƙa filin ba. Kunya ta ishe ni, ga baƙin ciki, don wurin nan kaɗai ne nake jin ni ba baƙo ba ne, kuma na tabbata na rasa shi. Da mahaifina ya kira ni a waya, ya ji muryata ba daidai ba, ya matsa, na faɗa masa komai.

Ya ce, "Rawa nit tura ka koyo?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Wagga magana mu aje ta sai ka taho gida. Amma ka bugi dattijo, kat tahi kal laɓe ɗaki? Tashi ka ba shi haƙuri yau, ba gobe ba."

Na tafi gidan tsohon tare da abokina. Na yi yadda aka koya mini a gida: tun daga bakin ƙofa na tuɓe takalma, na durƙusa har ƙasa, na sunkuyar da kai. Tsohon ya zabura kamar ya ga gobara, ya cicciɓe ni da hannu biyu.

"Tashi, ɗana, tashi! Wa ya mutu?"

Abokina yana ta dariya, ya bayyana masa cewa haka muke ba manya haƙuri. Tsohon ya zaunar da ni, ya sa aka kawo shayi, ya nuna mini ƙulun da ke kansa. Ya ce, "Hannunka yana da kyau. Birki ne ba ka da shi."

Hukuncina tulu ne. Ya kife tulun ƙasa a kan turke, ya ce in kawo sanda da dukkan ƙarfina in tsayar kafin ta taɓa. Na fasa huɗu, har matarsa ta fara ɓoye nata. Wata guda ana rawa a fili, ni ina gefe ina faɗa da tulu.

Wata Juma'a ya sake kirana tsakiya. Wannan karon da kansa ya cire rawanin ya miƙa wa abokina, ya tsaya da sanƙonsa a gabana. Muka zagaya, ya buɗe, na kawo sanda, ta tsaya cak, saura yatsa biyu. Fili ya ɗauki sowa. Ya rungume ni, ni kuwa hawaye nake yi a gaban maza.

Yanzu Larabci nake koyarwa a wata makaranta a Gidan Dahala. Mai zafin rai ne ni har gobe, ɗalibaina ma za su ba da shaida. Amma abin da ke tsaya mini a rai shi ne mutumin da na kumbura wa kai ya sake miƙo mini kan nan ba rawani. Duk ranar da ɗalibi ya yi mini laifin da nake jin na gama da shi, sai in kasa juya masa baya. Washegari shi nake fara kira gaban allo.