Matar da Ta Ce Surutun Tsoho Ba Ya Sayar da Kaya

Idan ka tambayi mutanen garinmu, za su ce maka Sherrilyn Pelkey mutuniyar kirki ce. Ita ke fara kai tukunyar miya gidan da aka yi rashi, ita ke share wa tsofaffin layinsu ƙanƙara daga bakin ƙofa. Duk gaskiya ne. Ni dai ba na ƙaunar ganinta, in na hango jar motarta a bakin kanti gara in haƙura da madarar da na je saye in koma gida.

Tare muka yi makaranta. Ubanta ke da gidan mai na hanyar da ta gangara tafkin Superior, kuma tun tana 'yar mitsitsiya take zama a bakin famfo tana gaya wa direbobi abin da ke damun motarsu, ita da ko keke ba ta iya ba. Da ta girma babu abin da ba ta sayar ba. Ta yi man shafawa gida-gida, ta yi kyandir mai ƙamshi, ta yi wandunan roba masu zanen kyanwa, ta yi wani garin magani da aka ce yana narkar da tumbi. Kowanne sai ta cika garejin gidanta da kwalaye, ta cika mana kunne, sannan ka ji shiru. Har yau mijinta Duane a waje yake ajiye motarsa, kullum da safe yana kankare gilashi yana ƙunƙuni.

Wata shekara ta tafi wani taron 'yan kasuwar intanet a Florida. Ta dawo rana ta ƙone mata hanci, tana riƙe da wata fitila mai siffar zobe, kuma ta gano hajar da ba ta buƙatar gareji: shawara. Ta roƙi ɗakin ƙasa na coci, ta sa kofi a wuta, ta ce duk mai 'yar sana'a ya zo ranar Laraba da safe ta koya masa sayarwa a waya. Muka kuwa je, don a garin da baƙi ba sa zuwa sai da bazara, kowa na neman mai saye. Akwai mai zuma, akwai mai kifi banda, akwai ni Aili mai saƙa safar ulu, akwai ƙanena Reino da ke kula da cinikin kayan Babanmu.

"Ku saurare ni, mutanena," haka take farawa, fitilar nan tana haska mata fuska kamar mai shirin ɗaukar hoton biki. "Mai saye yana gungura waya ne kamar mai tsintar wake. In ba ku cafke idonsa kafin ya ƙifta ba, ya wuce, kuma ba zai dawo ba."

Mai zuma ta taɓa tambayarta, "To ke me kike sayarwa yanzu, Sherrilyn?"

"Ni ku nake sayarwa, ƙawata. Nasararku ita ce hajata."

Aka tafa mata. Ni na kurɓi kofina.

Babanmu, Eino, kifin katako yake sassaƙawa, irin wanda masunta ke zurawa cikin ramin da suke fasawa a ƙanƙarar daskararren tafki ya jawo musu manyan kifi. Tun da aka rufe mahaƙar jan ƙarfe yake wannan aiki a 'yar rumfarsa ta bayan gida. Hannunsa gwani ne, amma bakinsa ya fi hannun. Da zarar ya ɗauki wuƙa sai zance ya ɓalle: yadda dusar ƙanƙara ta taɓa binne gidansu har suka fita ta taga, yadda ya fara ganin Mama a wajen rawa ya taka mata ƙafa, wane ne ɓarawo a cikin tsofaffin garin nan. In katako ya ƙi jin magana sai ya zage shi da yaren kakanninmu na Finland, wanda ni da Reino ba mu koya ba. Akwai kuma wata waƙar reno ta mahaifiyarsa da yake rerawa in yana shafa fenti, babu wanda ya rage a duniya da ya san ta sai shi.

Da kaka muryarsa ta dushe ta ƙi washewa. Likita a Marquette ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, bayan sabuwar shekara za a cire wajen gaba ɗaya. Zai rayu, amma muryar ta tafi ke nan.

A mota muna dawowa na ce wa Reino, "Ka ji dai. Kafin lokacin, duk abin da ya fito daga bakinsa ina so a ɗauka." Na gwada da tawa wayar, amma Baba in ya ga na ɗaga masa waya sai ya ɗaure fuska ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne. A rumfa kawai yake sakin baki, inda Reino ya kafa tasa wayar kan sanda yana ɗaukar bidiyon talla. Reino ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Kullum tana kunne."

Larabar da ta biyo baya ya kawo bidiyo ya nuna wa taro, yana ta fara'a. Baba ne yana feƙe wutsiyar kifi yana ba da labarin wani limamin coci da ya faɗa ramin ƙanƙara. Mutane suka fara dariya. Sherrilyn ta miƙa hannu ta tsayar.

"Reino, ɗan uwana, wa zai tsaya sauraron wannan? Ka ji ƙarar injin goge katako? Ka ji tari? Ina ƙaunar Baba Eino kamar uban da ya haife ni, amma surutun tsoho ba ya sayar da kaya. Hannu ke sayarwa. Ka nuna hannun nan mai jijiyoyi da wuƙa, ka cire fuska, ka ɗora kiɗan da ake yayi. Ba ni wayar."

Na ce, "Dakata. Muryar nan ita muke nema. Kin san abin da likita ya ce."

Ta dafa kafaɗata, ni kuwa na tsani a dafa ni. "Aili, ƙawata, ke saƙa kika sani, ni kuma wannan. Kiɗan a sama kawai yake, kamar murfin tukunya. Na asali yana can a ajiye a intanet, ba abin da ke ɓacewa a zamanin nan. Duk ranar da kuka so sai a ɗage murfi."

"Kin tabbata?"

"Haba! Ni da na je har Florida?"

Ta danna nan ta danna can, ta miƙa wa Reino wayarsa, ta ce daga yau ta cikin wata manhajar talla zai riƙa ɗauka kai tsaye, ta gyara masa komai.

Ba zan yi mata ƙarya ba, oda ta zo. Mutanen Texas da Arizona, waɗanda ba su taɓa taka daskararren tafki ba, suka riƙa sayen kifin Baba suna jerawa a kan kanta. Reino ya zama ɗan gaban goshinta. Kowace Laraba sai ta tsayar da shi ta ce, "Ku kalli wanda ya ji magana." Shi kuma yana washe baki kamar an ba shi sarauta. Ya koyi zancenta har da salon ɗaga yatsa. Na ce masa ya buɗe mini na asalin ko guda ɗaya in ji, ya ce, "Yaya, ina da kwali goma sha da zan kai gidan waya. Sherrilyn ta ce suna nan. Ke kullum sai kin nemo abin zargi?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba ya gane abin da muke so, kuma ya ba da haɗin kai. A watan Disamba ya daina yi kamar bai san da wayar ba. Wata rana ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya taje gashi, ya zauna gaban sandar nan, ya ce, "To, wannan na jikoki ne." Ta tagar kicin ina jiyo shi, muryar tana fita da ƙyar kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Ya kira sunayen ƙauyukan kakanninmu. Ya faɗi abin da Mama ta ce masa ranar da za ta rasu, wanda bai taɓa gaya mana ba, ni kuma ban ji sosai ba don na ja baya in bar shi ya sake. Ya rera waƙar renon nan daga farko har ƙarshe, ya tsaya ya sha ruwa, ya sake ta don ya ce ta farko ba ta yi ba.

Aka yi aiki a watan Janairu. Ya dawo gida da farin ƙyalle a wuya, yana magana da ido da yatsa. Wata Lahadi bayan mun ci abinci ya taɓa hannun Reino, ya nuna wayar, ya nuna kunnensa.

Reino ya buɗe na farko: hannun Baba, wuƙa, da kiɗan rawa. Ya cire kiɗan, sai shiru. Ya buɗe na biyu, haka. Ya nemo na ranar farar riga, ba a ganin komai sai bakin hannun rigar da yatsu, ya cire kiɗan, shiru. Na ce ya nemo na limamin coci, wanda ya ɗauka kafin ta taɓa wayar. Ya ce ranar da Sherrilyn ta karɓi wayar ta goge tsofaffin don a sami waje. Yana ta dannawa, Baba kuwa yana kallonsa yana jira, har da ɗan murmushi.

Ranar Laraba na riga kowa sauka ɗakin cocin. Reino na bayana kamar wanda aka jiƙa. Na ajiye wayar a gabanta, na ce, "Ɗage murfin."

Ta danna, ta danna, ta juya wayar, ta cire tabarau ta mayar. Mai kifi banda ya leƙa ta kafaɗarta ya ce, "Ai abin ɗaukar sautin ne a kashe, Sherrilyn. In yana kashe babu abin da zai shiga tun farko."

"Na kashe ne saboda ƙarar inji," in ji ta. "Amma a Florida an ce mana komai yana nan a ajiye."

Na ce, "An ce muku! Ke kin taɓa buɗe ko guda ki gani da idonki?"

Ta sunkuya kan wayar tana ta dannawa. Na ci gaba:

"Na tambaye ki a gaban mutanen nan, na ce kin tabbata? Me zai ci ki in kin ce ban sani ba? Tun kina bakin famfon ubanki bakinki bai taɓa iya furta ban sani ba. Tsohon nan ya sa rigar coci ya zauna yana yi wa sanda magana, ke kin toshe mata kunne!"

Ta fashe da kuka, kuma kukan gaske ne, na san na ƙarya. Mata suka taso suna shafa mata baya, ita, ba Reino da ke tsaye jikin bango ba. Da ta share hanci ta ɗago jajayen idanu ta dube mu.

"Ku yafe mini. Wallahi ku yafe mini." Ta ja numfashi. "Amma kun san wani abu? Wannan labari ne fa. Masassaƙin da ya rasa muryarsa, hannunsa kaɗai ya rage yana magana. Reino, in ka sa wannan a shafinka yau, kafin Juma'a ba za ka iya da oda ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa na fi jin zafi. A ganinta taimako take yi. Na finciko fitilar zoben nan har da igiyar wutarta, na hau matakala, na buɗe ƙofa na jefa ta cikin tulin ƙanƙara. Har yau a garin nan abin da ake tunawa ke nan: Aili ta fasa wa baiwar Allah fitila a coci.

Ta sayi wata sabuwa. Taron Laraba bai fasa ba, har an ƙara kujeru, yanzu ma tana gargaɗin sababbin zuwa su riƙa duba sauti, tana cewa ita ta san wasu da abin ya taɓa faruwa da su. Reino ya ƙaurace na ɗan lokaci, da ciniki ya ja baya ya koma. Labarin dai bai sa a shafi ba, don na gaya masa ranar da ya sa ya nemi wata yayar.

Duk Alhamis tana kawo wa Baba miyar kaza da aka niƙa, mai sauƙin haɗiya. Yana sha, don shi ba ya riƙon mutum. Ni nake wanke tukunyar in ajiye mata a waje kan matakala.

Baba yana sassaƙa har yanzu, rumfar ce dai ta yi tsit sai ƙarar wuƙa. Mun yi masa bayani, ya gyaɗa kai, ya gane sarai. Duk da haka da yamma yakan miƙa hannu a ba shi wayar. Ya nemo na ranar farar rigar da kansa, ya kunna, kiɗan rawa ya cika ɗakin. Sai ya rufe ido, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa, ya manna wayar a ɗayan, yana ƙara danna ta.