Baba, Ka Ji?

A shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, ana ta manna hotunan 'yan takara a gadar Wudil, na ga tabo a bayan maigidana, Allah ya jiƙansa. Fari-fari ne, faɗin tafin hannu, ba ya ƙaiƙayi. Muka ce ƙyasfi ne. Na yi ta shafa masa man kaɗanya har damina ta wuce, tabo sai ƙara faɗi yake. Abin da nake tsoro ban faɗa ba, shi ma bai faɗa ba: kuturta.

Likitan da muka samu a asibiti ba ɗan ƙasar Kano ba ne, amma ya iya gaisuwa. Ya sa Malam ya tuɓe riga, ya tsayar da shi bakin taga don haske. Ya murza auduga ta yi tsini, ya ce ya rufe ido, ya taɓa tabon.

"Baba, ka ji?"

"Na ji, likita."

Ya sake tambaya, audugar tana sama, ko kusa da fata ba ta je ba.

"Na ji."

Na ce, "Likita, muryarka yake ji. Mutumin nan ba ya ce wa baƙo ban ji ba."

Malam ya ce, "Ke kuma wa ya sa da ke?"

Likita ya yi dariya, ya ce to a bar magana, ya riƙa nuna wurin da yatsa. Ya taɓa kafaɗa, Malam ya nuna. Ya taɓa wuya, ya nuna. Sai ya ɗora audugar a tsakiyar tabon. Malam ya tsaya, ido rufe, yatsa a sama, yana jira. Nan na sani. Bayan haka likita ya lalubi jijiyar gwiwar hannunsa, ya ɗan kankari fatar kunnensa aka kai gwaji. Ya ce kuturta ce, an kama ta da wuri, magani yana kashe ta, kuma da an fara sha ba ta kama kowa.

Unguwa ba ta yarda ba. Mazan da suke haɗa kwano da shi a ƙofar gida suka koma cin tuwo a wani zaure. Ya shigo da kwanonsa bai taɓa ba. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kunya ta hana. Ranar na wanke hannu na zauna, na sa hannu a kwanonsa. Ya turo mini nama.

Ya warke, yatsunsa cif. Mazan suka dawo suna sallama, amma bai ƙara fita da kwano ba har ya rasu. Yanzu idan na kwashe tuwo, sai ya huce ban iya sa hannu ba. Kuka nake, ba na ɓoyewa.