Shuɗiyar Audugar Silin Gaolatlhe

Gaolatlhe jikan maƙwabciyata ne, kuma tunda na san shi ban taɓa ganin ya zauna ya shanye kofin shayi ba. Ya yi tuƙin tasi a garin Kuruman, ya bari. Ya yi kiwon kaji, ya sayar. Walda ma rabi ya koya. Da kakarsa ta rasu ta bar masa gidan da ke jikin nawa, sai ya wayi gari magini.

Matarsa tana jego a gidan uwarta, saura kwana tara ta dawo da jaririya. Shi ne ya rantse sai ya sauke tsohon silin ya sa sabo kafin su iso.

Ranar Asabar da hantsi na ji ƙarar katako, na leƙa. Ya ɓalle allo ɗaya, wani abu shuɗi kamar audugar katifa ya zubo tsakar ɗaki, ga shi riƙe da tsintsiya.

Na ce, "Ajiye tsintsiyar nan, sarkin gaggawa!"

"Haba Nkoko," in ji shi, don haka ake ce wa kaka a nan, "tsohuwar auduga ce fa. Kare ma zan cusa wa a buhu ya samu wurin kwanciya."

"Audugar gidanku! Fito. Kar ka kakkaɓe rigar nan."

Ni ba a takarda na san wannan shuɗin abin ba. Tun ina ƙarama nake zama gefen uwata a bakin ramin haƙar ma'adinin asbesto, muna fasa dutse da guduma muna zare shuɗin zaren. Abin da aka zubar a juji, iyayenmu maza suka kwaso a buhu suka shimfiɗa saman silin saboda sanyi. Kowane gida a layinmu ya yi. Mu shida uwata ta haifa, huɗu tari ya ɗauke su, kuma sai an manta da ƙurar, bayan shekara talatin, yake tasowa.

Na sa ya tuɓe a bayan gida ya yi wanka, muka jiƙa kayan muka ƙulle a leda biyu. Muka rufe ƙofa da taga, na cusa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasan ƙofar. Ya ce minti biyar kawai zai shiga ya share. Na ce shara ce ke tashe shi ya shiga ƙirji, kuma in ya taka ƙofar nan sandata za ta gaisa da ƙeyarsa.

Muka kira masu kwashe shi, masu fararen kaya da abin rufe hanci, suka ce sai bayan mako biyar. Ya zagaya gidan ya fi sau ashirin.

"To me zan ce wa surukata? An sa ranar dawowarsu, an sayi akuyar yanka, dangi sun ji."

"Je ka faɗa mata abin da ya zubo. 'Yar garin nan ce."

Ya je yana inda-inda. Tambaya ɗaya ta yi masa: wane launi? Ya ce shuɗi. Ta ce akuyar ta ci gaba da cin ciyawa, jikarta ba za ta taka gidan ba sai ita da kanta ta ɗaga kai ta ga katakon rufi tsirara.