Domitila Kanyange, Uwar Tukunyar Laraba

A ranar farko ta zaman makokin marigayiya Domitila Kanyange, jikarta Kaneza tana raba wa baƙi shayi sai ta ji aminiyar marigayiyar, wata tsohuwa 'yar ƙasar Mali mai suna Sitan Dumbiya, tana ce wa masu ba ta haƙuri: "Ku ƙyale ni in yi kukana. Matar da ta sa ni jiran loma ɗaya har shekara goma sha ɗaya, yau kuma ta tafi ba ta jira ni ba." Wannan magana ce ta tsaya wa yarinyar a rai, ta bi tsofaffin unguwar Bwiza tana sauraro, har aka tattara tarihin da ke biye.

Haihuwa da tarbiyya

An haifi Domitila Kanyange a shekarar 1946, zamanin mulkin Beljiyam, a kan wani tudu kusa da garin Muramvya na ƙasar Burundi. Mahaifinta Sebastiyano Bucumi manomi ne mai gonar ayaba da 'yan shanu, mahaifiyarta kuwa Gaudensiya Nyabenda, wadda ta yi suna a tudun wajen dafa wake da ɗanyar ayaba. Domitila ta tashi cikin tarbiyyar gidan mutunci, inda abin sha ake fito da shi tsakar gida a sha da kowa, amma abinci a ɗaki ake cinsa an sakaya ƙofa, wanda kuma ya tarar da mutum yana ci sai ya kau da kai don kada ya kunyata shi. Mahaifiyarta takan ce mata, "Akuya ce kaɗai ke tauna a gaban jama'a."

Karatu

A shekarar 1954 aka sa ta a makarantar mishan, inda ta koyi karatu da rubutu da harshen Kirundi, da ɗinki da tsaftar gida. Ba ta kai ajin da ake zurfafa Faransanci ba, domin a shekarar 1957 mahaifiyarta ta kwanta jinya aka cire ta don ta riƙe ƙannenta. Abin da ta fito da shi na Faransanci bai wuce gaisuwa da godiya ba.

Aure da zama a Bujumbura

A shekarar 1966 aka ɗaura mata aure da Liboriyo Sindayigaya, akawu a tashar jiragen ruwa ta Bujumbura. Suka kama ɗaki a Bwiza, a wani gida mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. A nan ta koyi Swahilin kasuwa, ta soma dafa wake da tuwon rogo da ƙananan kifin tafki tana sayar wa ma'aikata, waɗanda kan zauna bayan labule su ci. Sana'ar ta yi albarka, har a shekarar 1975 ita da maigidanta suka sayi gidan baki ɗaya suka zuba 'yan haya.

Saɓaninta da Sitan Dumbiya

A shekarar 1979 wani mai sayar da atamfa, Bakari Dumbiya, ya kama ɗaki biyu a gidan, ya ɗauko amaryarsa Sitan daga garin Segu na ƙasar Mali. Sitan ba ta jin Kirundi ko Swahili, sai Bambara da ɗan guntun Faransanci. Kashegarin saukarta ta dafa shinkafa da miyar gyaɗa, ta girke babban kwano a tsakiyar tsakar gida, ta zauna, ta yafito uwar gidan da hannu. Domitila da ta ga baƙuwa za ta buɗe baki a fili, sai tausayinta ya kama ta. Ta juya mata baya, ta kora 'ya'yanta ɗaki, ta rufe ƙofa, don yarinyar ta ci cikin sirri. Sitan ta zauna ita kaɗai gaban kwanon har miya ta huce, ta yanke hukuncin cewa ƙyamarta ake yi.

Da Domitila ta so kyautata mata, ta aika mata wake an lulluɓe shi da ƙyalle, aka ajiye a bakin ƙofarta ba sallama. Sitan ta ga abincin da aka kawo a ɓoye kamar kayan sata, ta mayar da shi yadda ya zo. Daga nan suka yi shekara biyu suna haɗuwa a famfo ba gaisuwa. Mazajensu suna hira da Faransanci kowace yamma, amma duk wanda aka kai wa ƙara sai ya ce maganar mata ce.

Kafuwar Tukunyar Laraba

A shekarar 1981 wata malamar makaranta 'yar Madagaska, Madam Lalao, ta shigo gidan haya. Domitila, wadda ta gaji da miƙa wa maigidanta sakamakon jarrabawar 'ya'yanta ya karanta mata, ta roƙe ta ta koya mata Faransanci, ita kuma ta koya mata miyar ganyen rogo. Ranar Laraba ce malamar ke tashi da wuri, kuma a bakin murhu ake darasin: duk abin da za a jefa a tukunya sai an faɗi sunansa.

Sitan tana ji daga ƙofarta. Wata Laraba, da ta ji yadda uwar gidan ke murɗe sunan albasa, haƙurinta ya ƙare, ta ɗaga murya ta ce, "Madam, ki ce mata albasa ce, ba sunan kakanta ba!" Malamar ta ce in ta iya ta matso ta faɗa. Sitan ta matso don ta ƙure abokiyar gabarta, ba ta kuma fasa zuwa ba.

Bayan wata shida malamar ta ce kowacce ta bayyana yadda ake cin abinci a gidan iyayenta. Domitila ta yi ta harhaɗa kalmomi har ta fitar da jimla mafi tsawo da ta taɓa yi: "A gidanmu, wanda kake girmamawa ba ka kallon bakinsa." Sitan ta ɗora hannu a ka.

"Wato girmama ni kika yi ranar nan?"

"To me kika ɗauka?"

"A gidanmu wanda ya ƙi kwanonka cewa ya yi kai maye ne! Shekara biyu ina kwana da ke a wuya, ashe ladabi ne!"

Suka yi dariya har miyar ta kama. Da suka lafa, Sitan ta share ido ta ce, "Na fahimta, Uwar Wake. Amma ban yafe ba sai kin sa hannu a kwanona."

Daga wannan rana matan unguwa suka soma shigowa, aka sa wa taron suna Tukunyar Laraba, Domitila ta shimfiɗa ƙa'ida: kowace Laraba mace ɗaya ta dafa abincin ƙasarsu, ta faɗi yadda uwarta ke yi, da Faransanci komai karyewarsa, wadda kuma ta zame ta koma harshensu ita ke wanke tukwane. 'Yan Kongo suka kawo ganyen rogo da manja, 'yan Senegal shinkafa da kifi, Madam Lalao ta kawo romon ganye da naman sa wanda Sitan ta ce ruwan wanka ne har ta ƙara sau biyu. Cikin 'yan shekaru matan da a da ba sa zuwa asibiti sai da mai fassara suka koma su ke raka wasu.

Abu ɗaya ne bai sauya ba. Da zarar an girke babban kwano, sai Domitila ta ɗebi nata ta shige ɗaki. Sitan ta bi ta da kira, "Fito, Uwar Wake, ba haƙoranki za mu ƙirga ba!" Ita kuma ta amsa daga bayan labule, "Ci naki, Uwar Gyaɗa, mai bakin da ba ya hutu."

Shekarar loma

A shekarar 1990 Allah ya yi wa Bakari Dumbiya rasuwa. Da Sitan ta fita takaba, ƙanen marigayin, Madu, ya zo daga Segu don ya tafi da ita da yaran. Tana iya zama ta riƙe shagon atamfa, amma ta kasa yanke shawara, matan kuwa sun san in ta tafi rabin Tukunyar ya tafi, domin ita ce ke jawo 'yan yammacin Afirka. Larabar da ta rage kafin tafiyar ta faɗo a kan girkinta, kuma ta yi daidai da zuwan surukar Domitila, uwar mijinta, daga ƙauye neman magani. Tsohuwar tana zaune a barandar ɗanta tana kallon kowa.

Sitan ta dafa shinkafa da miyar gyaɗa, ta girke kwanon a daidai inda ta girke shi ranar farko. Da Domitila ta miƙo ƙaramin kwanonta a zuba mata, sai Sitan ta riƙe ludayin.

"Yau babu na ɗaki. Madu ya tambaye ni, wa kike da shi a garin nan? Na ce ina da 'yar'uwa. Ya ce ta taɓa cin gishirinki? Domitila, me zan ce masa?"

Domitila ta dubi surukarta, ta dubi kwanon. Mace mai shekara arba'in da huɗu, mai 'ya'ya biyar, wadda ko mijinta bai cika ganin tana tauna ba. Ta ajiye ƙaramin kwanon a ƙasa, ta je famfo ta wanke hannu, ta dawo ta zauna gefen Sitan, ta dunƙula loma ta kai baki. Ta tauna a hankali, idon mata kusan ashirin a kanta, ta haɗiye, sannan ta ce da Faransanci tsaf, "Gishiri ya yi yawa."

Guɗa ta tashi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Sitan tana kuka tana zagi, "Shekara goma sha ɗaya, abin da za ki ce ke nan, mai cin wake!" Da aka waiwayi surukar, sai aka ga ta juya fuskarta bango, yadda ake yi wa wanda ake girmamawa. Da yamma ta aika a kawo mata miyar a rufe, kwanon ya dawo a share. Madu Dumbiya ya koma Segu shi kaɗai.

Shekarun baya

A shekarun tashin hankalin da suka biyo bayan 1993 Tukunyar ba ta daina hawa wuta ba, ko da wake ne zalla a cikinta, kuma mata daga ɓangarorin da ba sa ga maciji da juna sun ci a kwano ɗaya a wannan tsakar gida. Madam Lalao ta koma ƙasarsu a shekarar 1998, ɗalibanta na farko suka gaji koyarwar. Liboriyo Sindayigaya ya rasu a shekarar 2004. Bayan haka aka buɗe wa maza da ɗalibai ƙofa, aka riƙa ganin 'yan Komoros da Kamaru da Gini da Ruwanda suna yanka albasa suna gyara wa juna magana. A shekarar 2011 wata ƙungiyar matan birnin ta karrama Domitila, ta yi jawabin godiya da Faransanci ba takarda, da aka kawo abinci kuma ita ta fara sa hannu.

A shekarar 2010 aka kawo mata jikarta Kaneza riƙo, tana da shekara takwas. Yarinyar ta taso mai kunya, ta fi son laɓewa bayan labule tana kallo, kuma duk Laraba sai ta ɗebi nata ta shige ɗaki. Sitan ta yi ta kiranta, "Ke 'yar wake, zo nan!" har ranar da Domitila ta ce, "Ƙyale ta, Uwar Gyaɗa. Ni wa ya iya da ni? Ranar da ta shirya, ita za ta tambaya." Daga nan ba wanda ya sake kiranta, ita kuma ba ta tambaya ba har ta gama sakandare.

Rasuwa

Domitila Kanyange ta rasu ranar Litinin, 7 ga watan Maris na shekarar 2022, a gidanta da ke Bwiza, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara saba'in da shida. An yi mata addu'a a cocin unguwa, aka binne ta a maƙabartar Mpanda, Kirista da Musulmi suka yi mata rakiya. Ta rasu ta bar 'ya'ya biyar: Firmino, malamin makaranta a Ngozi kuma mahaifin Kaneza, Anunsiyata, ungozoma, Deo, direban babbar mota, Kolete, wadda ke aure a Bukavu, da autarta Jozefina, wadda ta gaji sana'ar abinci. Ta kuma bar jikoki goma sha huɗu.

Larabar da ta biyo bayan tashi daga zaman makoki, matan suka taru kamar kullum. Sitan ta dafa miyar gyaɗa, aka girke kwano, aka kewaye shi, amma ba wadda ta zauna a gefen damanta. Wurin ya tsaya fili, daidai zaman mutum ɗaya. Kaneza ta fito da ƙaramin kwanonta, ta tsaya bakin labule tana kallon wurin. Sannan ta ajiye kwanon a ƙasa, ta tako tsakar gida, ta ce da muryar da sai an kasa kunne:

"Mama Sitan, wurin nan na Kaka... in wanko hannuna?"