Gwaggo da Gonar Ƙarshen Magudana

Gwaggona ba ta da yawan magana, amma in ta kafe a kan abu, gara ka je ka tura bango. Shekara ashirin tana bin mijinta gonarsu ta shinkafa da ke ƙarshen magudanar ruwa, inda gishiri ke tasowa ƙasa ta yi fari fat. Shi maganinsa ɗaya ne: shinkafa ta yi ja, a ƙara takin zamani. Sai ta ƙara ƙonewa. Wani malamin gona ya taɓa ba su wata shawara, mijin ya yi dariya, ita kuwa ta riƙe a ranta.

Da ya rasu, shugaban ƙungiyar manoma ya zo har gida.

"Kin san dokarmu," in ji shi. "Gonar da ta yi shekara uku ba amfani, wani ake ba. Bana ce ta uku."

"Na ji," kawai ta ce.

Kafin lokacin dashe ta bi shawarar malamin gonan nan, ta watsa irin zamarke, wannan ciyawa mai tsayi da gishiri bai cika damunta ba. Nufinta bayan kwana arba'in da biyar a kife ta da garma tana ɗanya, ta ruɓe a cikin ƙasa. Mu kanmu mun ji kunya, ana ta cewa rashin miji ya taɓa mata kai.

Ƙanen mijinta, gwanin taimakon da ba a roƙe shi ba, ya yi sammako da lauje ya yanke rabi ya kai wa shanunsa.

"Yaya, na rage miki aiki," ya ce, har da murmushi.

"Sannu da ƙoƙari," in ji ta. Ranar ko abinci ba ta ci ba, ni kuwa kamar in shaƙe shi.

Ta sa aka kife abin da ya rage. Da ma ta cika gonar da ruwa ta saki har sau uku don ya wanke gishiri. Ta yi dashe, takin zamani kuma ta raba shi kashi uku, kaɗan-kaɗan, daidai wa daida a ko'ina.

Da shinkafa ta nuna, shugaba ya zo dubawa. Inda aka kife zamarke, shinkafa ta kai masa ƙugu, zangarniya ta sunkuya don nauyi. Inda aka yanke, ko gwiwa ba ta kai ba. Ya daɗe tsaye a tsakani yana duban nan da can.

"Rabi dai ta yi," ya ce. "Amma gona ta zauna a hannunki."

"Wannan na sani tun watan jiya," in ji Gwaggo, tana kakkaɓe laka daga fartanya. "Waccan ta gefena da mutum uku suka gudu suka bari, ita na ke so ku ƙara mini."